Gwauruwar Zuma da Rumfar Baba Ɗanjuma

Jiya na dawo daga sallar asuba na tarar kun jera itatuwan nan nawa a bakin ƙofa, wai masu kwasar shara su wuce da su. Ni na mayar da su da hannuna, ina nishi, ku kuna can kuna minshari. Kun ce ruɓaɓɓu ne, duk huji, suna ba ku kunya in abokanku sun zo. Na kuma ji abin da kuka ce cikin Faransancin nan naku da kuke zaton ba na ji, wai sana'ar tsoho ai ba wani abu ba ce, a tsinko ganye a daka a cusa a gwangwani. To ku ajiye wayoyin nan ku zauna, yau kam sai kun ji.

Ni da ƙafa na shiga wannan sana'a, ba da kai ba. Na zo Abijan daga Gumel tare da fataken goro, a shekarun da aka fasa wa teku hanya manyan jirage suka fara shigowa har cikin gari. Kowane saurayi mai ƙarfi por yake nufa, wato tashar jiragen ruwa, ni ma can na nufa. Ban daɗe ba igiyar ƙarfe ta zame ta yage mini ƙwauri. A gida da ciwon ya bushe da kansa, amma iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, ko wanki ba ya son bushewa balle ciwo. Ya zama gyambo, yana wari, har abokan kwanana suka fara matsar da tabarminsu. Wani Bamoshe, ɗan ci-rani irina da muke ɗaukar buhu tare, ya kama hannuna ya kai ni gindin katangar babban masallacin Tireshbil, wurin wani tsoho Bazazzagi mai sayar da magani, ana kiransa Baba Ɗanjuma.

Har yau ina ganin yadda ya yi aikin nan. Bai tambaye ni kuɗi ba, bai tambaye ni ɗan wane ne ni ba. Ya sunkuya ya sansana ciwon, ya danna gefensa da yatsa, ya tambaye ni ko ina jin sanyi da yamma, na ce a'a. Ya ce da na ce i, da asibiti zai tura ni, don ciwon da ya shiga jini ya fi ƙarfin gwangwaninsa. Ya sa aka tafaso ruwa da gishiri, ya bari ya huce, ya wanke wurin da farin ƙyalle har sai da na kira sunan uwata. Sannan ya buɗe wani ɗan gwangwani ya lakato wani mai ja-ja mai ɗan ɗaci a hanci, ya shafa da bayan cokali, ya ɗaure sako-sako. Na yi ta zuwa yana sakewa har nama ya ciko. Ranar da ya kwance ƙyallen ƙarshe ya dube ni ya ce, "Kai, wannan ƙafar ta gama ɗaukar buhu. Ka iya daka?" Na ce wane ne bai iya daka ba. Ya yi dariya, ya ce to mu je gida mu gani.

Ashe ban iya ba. Na shekara ina wanke turmi da kankare gwangwanayen madara kafin ya yarda in taɓa tukunyar man. Muna da sassaƙe da saiwoyi iri-iri kamar kowane mai magani, amma abin da ya yi wa Baba suna man ciwon nan ne, kuma ba a haɗa shi sai da 'ya'yan wani yaɗo da ya dasa a tsakar gidan da yake haya, a unguwar da daga baya aka sa wa suna Biyafara. Ɗan'uwan garahuni ne, sai dai na kurmi, ganyensa ya fi faɗi, ɗansa ya fi girma. Ana tsinkar ɗan ne in ya yi ruwan goro amma bai fashe ba. In ka yi sauri ba ƙarfi, in ka makara ya tsage tsuntsaye sun riga ka. A tsaga shi, a shanya a inuwa har ya yi yaushi, a narka man kaɗe a kan garwashi, a zuba, a yi ta juyawa. Wuta ta yi yawa man ya yi baƙi, a zubar. Ɗigon ruwa ya rage a ciki ya yi fumfuna, a zubar. Baba ba ya duka, sai dai ya ɗauki tukunyar da ka ɓata ya miƙo maka ya ce ka kai bola da kanka, kuma ta gaban matan gidan za ka bi.

Yaɗon guda biyu ne, sun hau rumfa ɗaya. Ɗaya yana fure ya yi 'ya'ya, ɗayan sai fure kawai, tuli guda, bai taɓa ba da ko ɗa ɗaya ba. Na taɓa ce wa Baba mu sare ragon nan mu huta da ba shi ruwa. Ya ce matar da ta ba shi saiwoyin, wata Babaule, 'yar asalin ƙasar nan, mai sayar da ganye a kasuwar Ajame, Madam Akisi, ta gargaɗe shi kada ya raba su, mace ce da mijinta. Iyakar abin da ya sani ke nan, bai kuma taɓa tambayar yadda suke gaisawa ba.

Rumfar kuwa abin dariya ce. Baba ya haɗa ta ne da tsofaffin itatuwan da ya tsinto a bakin kurmi, ƙwari sun riga sun huda su kamar rariya. A ƙarƙashinta matarsa, Iya Abu, take zama kullum da safe tana tankaɗe. Ita ta fara nuna mini wasu 'yan ƙwari masu shiga furannin, sun ɗara ƙuda kaɗan, baƙaƙe masu ƙyallin shuɗi kamar rinin da ya sha bugu. Siffarsu ta ƙudan zuma ce, amma ba sa tafiya a ayari, kowace ita kaɗai take shiga hujinta a jikin rumfa, ita kaɗai take fita. Iya Abu ta sa musu suna gwauraye. Takan ce, "Dubi gwauruwar nan, ba miji ba sarki ba zuma, sai aiki kamar an yi mata baki." Mukan yi dariya mu ci gaba da abin da muke yi. Ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, har ita kanta.

Bayan samun 'yancin ƙasar nan da kaɗan Allah ya kira Baba zuwa Makka. Tun yana saurayi yake tara kuɗin tafiyar, sai da gemu ya yi fari fat abin ya cika. Mai gidan da muke haya, Alhaji Sidi, Bakano ne mai shigo da kwanukan tasa da atamfa, mutum mai faɗa da saurin yafewa, kuma yana ƙaunar Baba ƙauna ta gaskiya, don shi ya warkar masa da ƙunar da ɗansa ya yi. Da aka ji alhazai sun kusa dawowa, sai ya tara mutanen gidan ya ce ba zai yiwu sabon alhaji ya dawo ya zauna a ƙarƙashin wannan tarkacen ba. Kowa ya kawo abin da ya samu, har mai wankau, wato shinkafa da wake, da mai sayar da koko. Ni lokacin ina can arewa, a Korogo, sayen man kaɗe, amma an ba ni labari. Alhaji Sidi da kansa ya tsaya a kan ma'aikata aka warware yaɗon a hankali, ko ganye ɗaya bai yarda a tsinke ba, aka kafa bututun ƙarfe da waya, aka shafa fenti kore, aka mayar da yaɗon. Tsofaffin itatuwan kuma aka faskara, da su aka dafa shinkafar tarbar Baba. Da na dawo na ga gidan, wallahi sai da na ji daɗi har cikin raina. Baba ma da ya shigo ya ga abin da talakawa 'yan'uwansa suka yi masa, sai da ya share ido da bakin rawaninsa.

Damina ta sauka, yaɗo ya yi fure kamar bai taɓa yi ba. Macen ta fito da 'yan ƙananan 'ya'ya a bayan furanninta, muka ce alhamdulillahi. Kafin su kai girman gyaɗa sai su yi rawaya su zube. Muka ƙara taki, muka rage ruwa, muka ƙara ruwa, muka zuba toka. Baba ya ce ko zafin ƙarfe ne, muka naɗe bututun da tsumma. Duk a banza. Man da muka ajiye ya ƙare. Na ce masa mu yi da ganyen mana, launin kusan ɗaya ne, wa zai gane? Ya dube ni kallon da ban manta ba.

"Ƙafarka za ta gane," in ji shi. "Ka manta warin da ka zo mini da shi?"

Leburori su zo da ciwo a ɗaure, ya wanke musu da ruwan gishiri ya ce su tafi asibiti, man babu. Mu muka koma cin garin rogo da ruwa, Iya Abu ta fara yi wa mutane surfe. Wannan duk mai sauƙi ne, talauci ba baƙonmu ba ne. Abin da ya karya tsohon nan magana ce da ta taso daga bakin masallaci, ban san wanda ya fara ta ba, kuma ba na son in ɗauki alhakin kowa. Cewa aka yi ai ruwa ba ya tsami banza. Wai dama aljannu ke yi wa Ɗanjuma aiki, su ke sa yaɗon haihuwa, da ya je Makka ya tuba sai suka yi fushi suka tafi. Ku duba muguntar maganar nan. Ta mai da duk shekarun da ya yi yana wanke gyambon mutane shekarun shirka, ta mai da hajjinsa wankin laifi. Wasu ma yabo suka ɗauke ta, su tare shi su ce, "Alhaji, Allah ya karɓi tuba." Na ga mutumin da Baba ya miƙa wa hannu ya yi kamar yana gyara hula. Baba, wanda a da ba ya wuce sahun farko, ya koma tsayawa can baya kusa da takalma, yana sallamewa ya fice. Wata rana yana lissafa mini sassaƙen da suka rage, sai ya tsaya ya ce, "Idi, ni ba yunwa nake tsoro ba. In na mutu a haka, da wane suna za a sallace ni?" Na fita bayan gida na yi kuka.

Mutum ɗaya bai daina zuwa gidanmu ba, Malam Gali, mutumin Agadas mai karantar da yara a kusa da masallaci. Wata safiya yana zaune da Baba a ƙarƙashin sabuwar rumfa, Iya Abu na tankaɗenta, sai ta ɗaga kai ta ce, ba da kowa take ba, "Ni kam gwaurayena ma sun guje mu. Tun ranar shinkafar nan ban ga ko ɗaya ba."

Baba ya ce, "Ke ma da wata magana. Ana ta kai wa ke ta kaya."

Malam Gali ya ajiye kofin shayinsa ya tambayi mene ne gwauraye. Ta gaya masa. Ya tambaya ko suna shiga furen yaɗon duka biyun. Ta ce ƙwarai, daga na mijin zuwa na matar, su dawo, haka suke yini, kuma ba ta taɓa ganin sun kula furen kuɓewarta ko na lemun maƙwabta ba. Sai Malam ya ce, "Alhaji, a garinmu dabino mace ba ta riƙe 'ya'ya sai an hau an kaɗa mata garin furen namiji. Mutum ke hawa ya yi. Kai a nan wa ke hawa ya yi maka?"

Iya Abu ta tashi ta janyo wani guntun itace da take tokare turminta da shi, shi kaɗai ya tsira daga wuta. Baba ya sa wuƙa ya tsaga shi a tsaye, daidai wani huji da aka toshe da ƙasa. Muka sunkuya mu huɗu. A cikin ramin ɗakuna ne a jere, ƙanana, an raba su da bangon ƙasa siriri, an shafe jikinsu sumul. A kowane ɗaki akwai ɗan dunƙulen abu rawaya, a kan wani kuma ga 'yar tsutsa ta bushe. Baba ya murza dunƙulen a yatsa ya kai hanci. Ƙanshin furen yaɗonsa ne, da maiƙo-maiƙo. Ya daɗe yana kallon itacen nan. Rumfa guda cike da irin waɗannan ɗakuna, da uwaye da 'ya'ya, aka cusa a murhu saboda murnar dawowarsa.

Malam Gali ya ce, "To ai shi ke nan, gani ya kori ji. Ranar Juma'a ka zo da itacen nan, ni zan tsaya kusa da kai."

Baba ya girgiza kai. "In ce me, Malam? In tashi a gaban jama'a in ce Alhaji Sidi da mai koko da mai wankau sun haɗa guminsu sun kashe mini sana'a? Shinkafar nan na ci ta, na sa albarka. Ba da bakina ba." Ya juyo gare mu, ni da Iya Abu. "Ku ma ba da naku ba."

Malam ya yi ta lallashinsa, ya ƙi. Ni haushi ne ya kama ni, don a ganina mutuncin mutum ya fi kunyar maƙwabci. Amma yaron gida ba ya ƙetare maganar maigidansa. Abin da ya rage mini in nemo gwauraye, sai na nufi Ajame wurin Madam Akisi.

Na same ta a bayan tulin ganyenta, na gaishe ta da Julanci, yaren kasuwar garin nan, don ita ba ta jin Hausa ni ba na jin Baulanci. Da ta ji buƙatata ta yi dariya har tana dafa cinya, ta ce ta ga masu sayen ganye da masu sayen saiwa, yau ga mai sayen ƙuda. Amma da ta ji halin da Baba ke ciki sai dariyar ta tsaya. Washegari da sassafe ta kai ni gonarta a bakin kurmin Banko. Ga yaɗon nan ya rufe wata tsohuwar bukka, 'ya'ya na reto, wasu sun fashe jajur. Na zauna a ƙasa, a karo na farko na kalli gwauruwa kallon mai neman sani. Tana zuwa ne da hantsi bai yi ba, lokacin da fure ya buɗe. Ta shiga ta kwantar da cikinta a jikin furen tana karkaɗa shi hagu da dama kamar mai goge daɓe, gashin cikin yana tsotse wani maiƙo da furen ke fitarwa. Sai ta sa ƙafafunta na baya, masu faɗi da gashi kamar buroshi, ta tattare man ta haɗa da garin fure. Ta fito duk ta yi rawaya, ta faɗa furen macen, ta sake birgima. Daga nan ta nufi ginshiƙin bukka ta shige hujinta. Ba ita ke huda itace ba, gidan da wani ƙwaro ya bari take gyarawa. Na ga wata tana sauka ƙasa ta ɗebi turɓaya a ƙafa ta kai ciki, ashe ginin bangon nan ke nan. Ta ajiye abinci, ta sa ƙwai ɗaya, ta toshe, ta fara wani ɗakin. In ta cika ramin ta liƙe bakinsa ta tafi, ba za ta ga abin da ta haifa ba. Na sa yatsa kusa da ita don in ga ko za ta harbe ni, ta kewaye ni ta wuce, ba ta da lokacina.

Madam Akisi ta ba ni ginshiƙai biyu masu yawan toshi, bisa sharaɗin in sare mata sababbi in kafa, na kuwa yi. Ta naɗe su da ganyen ayaba, ta ce kada rana ta buge su, kada in jijjiga su. Na yi hayar pusu-pusu, amalanken nan na turawa, na hana mai shi turawa na karɓa da kaina. Daga Ajame zuwa Tireshbil tafiya ce mai nisa ga mai tafiyar hawainiya. A mararrabar Roksi 'yan kamasho suka yi mini ca, wani ya ɗaga ganyen ya leƙa ya ce, "Patron, maigida, gawa ce ko amarya?" Da ya ga ruɓaɓɓen itace sai ya kira 'yan'uwansa su zo su ga Bahaushen da ya haukace. Na bi ta unguwar Filato, na hau sabuwar gada, motoci na yi mini ham, ina kauce wa kowane rami kamar na ɗauko ƙwai, kuma ƙwan ne na ɗauko.

Mun ɗaure su a jikin bututun ƙarfe ta wajen inuwa. Alhaji Sidi na dawowa daga kanti ya gan su, ransa ya ɓaci.

"Haba Alhaji! Mun fitar da ƙazanta ta ƙofa ka dawo mana da ita ta taga? In fentin ne bai yi maka ba ai sai ka faɗa."

Baba ya ce, "Fenti ya yi, Alhaji, Allah ya saka. Ka yi mini haƙuri da waɗannan, na magani ne."

Alhaji Sidi ya yi ƙwafa ya shige. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya kai masallaci cewa Ɗanjuma ya gaji da tuba, ya aika kurmi an ɗauko wa aljannunsa gida. Daga ranar Baba ya daina zuwa babban masallaci sai Juma'a kaɗai, ita ma a waje yake shimfiɗa buzunsa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kullum da safe mu uku muna tsugune gaban itace muna kallon toshiyar ƙasa, ni ina ta tunanin ko rana ta dafa su a kan gada.

Iya Abu ce ta fara gani, toshi ɗaya ya buɗe, garin ƙasa a ƙasansa. Bayan kwana kaɗan sai ga su, ɗaya, sai wata, suna shawagi a bakin fure kamar ba su taɓa barin gidan ba. Ta yi guɗa har matan gida suka fito da gudu suna tambayar wa ya haihu. 'Ya'yan yaɗon suka wuce girman gyaɗa ba su zube ba, suka kai ƙwan zabo, suka fara ruwan goro.

Wata safiya Alhaji Sidi ya fito da butarsa ya same mu a tsugune. Ya tsaya a bayanmu don ya ga abin da ke hana tsofaffi aiki. Gwauruwa ta fito daga furen namiji, ta shiga na macen, ta fito ta shige hujinta a gabansa. Ya dubi 'ya'yan da ke reto. Ya dubi itacen, ya dubi bututunsa mai kore wanda ko allura ba za ta sami wurin shiga ba. Ɗan kasuwa ne, ba a yi masa lissafi sau biyu.

"Tsohuwar rumfar," ya ce a hankali, "irin wannan hujin ne a jikinta?"

Muka ci gaba da kallon furen.

"Idi, kai nake tambaya."

Na dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Alhaji ya ajiye butar, ko alwalar bai yi ba. Ya ce, "Tun yaushe ka sani, Alhaji?" Baba ya ce ai komai ya wuce, ga shi Allah ya mayar. Alhaji Sidi ya ce, "Ana ce maka mushiriki, kana kwana bango ɗaya da ni, ka yi shiru?" Ya juya ya shiga ɗaki.

Ranar Juma'a, ana sallamewa, mutane na neman takalma, sai aka ji muryarsa a harabar masallaci, kun san muryar mai kanti. Ya ɗaga guntun itacen nan da aka tsaga a hannu ɗaya, nunannen ɗan yaɗo a ɗayan, Malam Gali na gefensa.

"Jama'a, ku dakata! Masu cewa Alhaji Ɗanjuma na da aljannu, kun yi gaskiya yana da ma'aikata, ga ɗakunansu nan ku zo ku gani. Ƙudaje ne, bayin Allah irinku, sun ma fi wasunku aiki. Kuma ba Makka ce ta kore su ba. Ni Sidi, ni na dafa shinkafa da su, da yawanku kun ci har da ƙari!"

Aka fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu, don ya ci gaba ya faɗi yadda tsohon ya san gaskiya ya haɗiye ta don kada a ji kunyarsu. Itacen ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, Malam Gali na nuna musu ɗakunan. Na ga mai gyaran hular nan ya ratsa mutane ya fita waje inda Baba ke naɗe buzunsa, ya durƙusa ya kama hannunsa da hannu biyu. Baba bai ce masa komai ba sai "Allah ya yafe mana." Da Alhaji Sidi ya iso, Baba ya harare shi ya ce, "Wa ya aike ka?" Alhaji ya ce, "Wanda ya hana ka magana." Liman da kansa ya aiko a ce gobe da asuba yana son ganin Alhaji Ɗanjuma a bayansa. A sahun farkon nan ya ƙare kwanakinsa, kuma ranar da aka sallace shi titi bai ɗauki mutane ba.

Da yammacin Juma'ar nan muka ji ƙwanƙwasa a tsakar gida. Alhaji Sidi ne da guduma, yana ɓalle tsohuwar ƙofar ɗakin ajiyarsa, wadda ƙwari suka huda ya daɗe yana cewa zai canza. Ya hana kowa taimaka masa. Ya ɗauko ta a ka, da girmansa da babbar rigarsa, ya jingine ta a gindin rumfa ya ɗaure da waya, ya ce a gaya wa gwauraye ba ya karɓar haya.

Gida uku na sauya tun daga lokacin, ko'ina da saiwar yaɗon nan nake tafiya da itatuwana. A cikin waɗanda kuka fitar jiya akwai wani baƙin katako mai tsatsar ƙarfe a gefe, shi ne abin da ya rage na ƙofar. Na duba shi da na mayar, hujojinsa a toshe suke da sabuwar ƙasa. Da mai shara ya riga ni isowa, da wannan Juma'ar ku ne za ku tashi a masallaci ku yi bayani.